Dakta Sale da Ƙabar Babanku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bappa,

Ina gaishe ka, ina gaishe da iyalinka. Allah Ya sa motar da za ta ɗauke ku ta sauke ku lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na direba mai amsa waya yana tuƙi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a jakarka, tsakanin kwalbar man shanu da ƙullin yaji, alhali katanga ɗaya ce ta raba gidanka da namu. Ka san halina. Zan iya tsayawa gaban ɗalibai cike da zaure in yi ta bayani a kan hanji har su fara gyangyaɗi, amma in zaunar da ɗan fari in dube shi in yi masa nasiha, wannan kakarka ba ta koya mini ba. Shi ya sa na rubuta.

Yanzu ka gama neman ƙwarewa, an ba ka aikin koyarwa a wani asibitin, kuma za a miƙo maka ƙananan likitoci a ce ka mayar da su likitocin tiyata. Ba zan koya maka yanka ba, ka riga ka iya. Abin da ba a koya mana ba, ni da kai, shi ne yadda ake riƙe mutanen da ke bayanka. Ni da kaina na koye shi, a makare, kuma ƙabar Babanku ce ta koya mini. Kana makaranta a lokacin, abin da ka sani kawai shi ne an yi masa aiki ya warke. Ga sauran labarin.

Sai na fara da malamina, don daga wurinsa abin ya samo asali. Wani farfesa ne da muke kira Aradu a bayan idonsa. Hannunsa ya iya aiki, bakinsa kuwa Allah Ya kiyaye. Wata rana na ɗinke cikin wani mara lafiya, ina jin daɗin kaina, ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Wannan ɗinki ne, ko kaji ne suka yi tsere a kan cikin bawan Allah?" A gaban nas-nas, a gaban ɗalibai. Na shiga ɗakin canza kaya na yi kukana, na yi wa kaina alkawari cewa in Allah Ya ba ni yara, ba wanda zai yi kuka saboda ni.

Alkawarin ba laifi, sai dai na zarce da shi. Na zubar da zafin Aradu, na haɗa da gaskiyarsa na zubar. Ɗinkin nan nawa, in za a faɗi tsakani da Allah, ya yi kama da tseren kaji. Kai ma kana da malaman da suka ɓata maka rai. Kafin ka yi watsi da halinsu, ka zauna ka tsince abin da suka faɗa daidai.

Da na dawo Gombe aka ba ni shugabancin sashen tiyata, kalma ɗaya na riƙe: madalla. Wanda ya yi aiki mai kyau, madalla. Wanda ya yi na tsaka-tsaki, madalla. Wanda ya zo a makare ya ce tayar babur ce ta yi faci, madalla da ka iso. Ashe har suna aka sa mini, Mama Madalla, ni ce ta ƙarshen ji. Ni kuwa a ganina shugabanci nake yi, tunda ba wanda yake kuka.

A haka Sale ya zo. Mahaifinsa ne ya kawo shi da kansa, Malam Idi, tela ne a Kagarawal. Ya shigo ofishina da babbar riga, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya jawo hannun ƙaton likita mai gemu kamar zai sa shi aji ɗaya. Ya ce, "Hajiya Likita, ga amana. Ni yadi nake ɗinkawa, ina so ɗana ya ɗinka mutane." Na ce na karɓa.

Bappa, ban taɓa koyar da yaro mai ilimin Sale ba. Littafi a kansa yake. In aka ɗaga hoton ƙirji ko na ciki, mu muna ta matse ido, shi zai nuna wani ɗan duhu a gefe ya ce, "Mama, wannan fa?" kuma in an buɗe sai a tarar da abin a nan. Marasa lafiya suna son sa, tsofaffi har goro suke ɓoye masa. Matsalar ɗaya ce: ɗan tela ne, amma ɗinki ya gagare shi. Hannunsa ba rawa yake yi ba, shawara yake yi. Zai ƙulla zare, ya tsaya ya dube shi, ya kwance don ya tabbatar ya ƙullu, sannan ya sake ƙullawa. Aikin da wani zai gama kafin shayi ya huce, Sale zai kai shi azahar. Mai ba da maganin barci yakan shigo da jarida ranar Sale, ya karanta ta kaf har da tallan filaye.

Ba wanda ya taɓa cutuwa a hannunsa, domin kullum ina tsaye a gefensa. Da na ga abin ya yi nisa sai in ce, "Bari in ɗan taya ka a nan," in karɓi wuƙa, in gama aikin gaba ɗaya, in bar masa zaren ƙarshe ya yanke. Sannan in ce, "Madalla, Sale." A haka muka shekara, muka sake shekara.

Ka ji wannan da kyau. Akwai ranar da dole ka karɓi wuƙa daga hannun yaro, don mara lafiya ya fi kunyar kowa muhimmanci. Amma in ka karɓa, kada ka kira shi taya aiki. Bayan an fito ka ja shi gefe, ku biyu, ka ce na karɓa, ga dalili.

Ba wai ban yi yunƙurin gaya masa ba. Na farko, na kira shi ofis, na shirya maganata tsaf. Ya shigo da ƙunshi a hannu. Malam Idi ne ya aiko da doguwar riga, an yi mata aiki a wuya da hannu, ta zauna mini kamar a jikina aka yanka ta. Ta yaya za ka riƙe rigar uba a cinya ka ce wa ɗansa bai iya ba? Na ce ya gaishe da Baba. Daga nan kuma kowace Sallah sai riga ta zo.

Na biyu, tun daga GRA nake maimaita maganar a mota, har na ga mai sayar da lemo a bakin hanya yana kallona. Na ce yau ko me zai kawo ba zan karɓa ba. Ya shigo hannu biyu babu komai, na ji daɗi. Kafin in buɗe baki ya ce, "Mama, an sauka lafiya, mace ce. Mun yi shawara da Baba, sunanki za a sa." Har yau yarinyar nan da laƙabina, Farfesa, ake kiranta a gidansu.

Muka je suna Kagarawal ni da Babanku. Da za mu tafi, Malam Idi ya rako mu bakin mota da cinyar rago, jama'a cike da ƙofar gida. Ya ɗaga murya don maƙwabta su ji, ya ce, "Hajiya Likita, yaya ɗan naki a wajen aiki?" Na ce, "Malam Idi, a duk yaran da na koyar babu kamar Sale." Ban yi ƙarya ba, babu kamarsa. Ban dai faɗi ta wace fuska ba. Babanku yana gefe yana gyaɗa kai.

Ba na ce kada ka je sunan yaranka ba. Ka je suna, ka je biki, ka je ta'aziyya, don mutane ne kafin su zama likitoci. Amma ka faɗa musu gaskiyar aikinsu tun kafin ka ci ragonsu. Bayan rago magana tana nauyi.

Akwai wata kuma da suka fara tare da Sale, Dakta Rifkatu, Batangala daga Kaltungo. Ka san ta yanzu a matsayin shugabar sashe, amma a lokacin siririyar yarinya ce mai saurin tafiya. Hannunta ba ya ɓata motsi. Saboda ta iya, sai na ƙyale ta, duk lokacina yana wajen Sale. Wata rana ta tsaya a ƙofar ofis, ba ta ko zauna ba.

Ta ce, "Ma, jiya da na cire matsarmamar matar nan, kin ce madalla."

Na ce, "Ai ya yi kyau."

"Shekaranjiya da Sale ya ɗinke fata da hannun riga tare, shi ma kin ce madalla."

Na ce ai an warware.

Ta ce, "Ni tambayata, Ma, wanne ne nawa? Na san ina da kurakurai, amma ban san inda suke ba. An yi mini tayin wani wuri. An ce shugabansu yana da faɗa, shi ya sa nake tunanin zuwa."

Ka ji fa, yarinya za ta bar ni ta tafi neman faɗa. Na ce mata ta ba ni lokaci in yi tunani, kuma wallahi saura kaɗan in ce madalla. Kada ka ɗauka mai ƙoƙari ba ya bukatarka. Shi ne ya fi yunwar gyara, kuma shi ne ake fara sacewa.

Ana cikin haka Babanku ya je gonarsa ta Kwadon lokacin cire albasa. Ya ga masu loda buhu suna nawa, ya ce su matsa ya nuna musu yadda ake yi a zamaninsu. Buhun ya hau mota, shi kuma ya dawo gida yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a aljihu. Na duba shi, ƙaba ce, sai an yi aiki. Ka san likita ba ya yanka nasa, don haka na ce masa zan sa Rifkatu.

Ya ce, "Wace Rifkatu? Ina Sale?"

Na ce Sale yana da ayyuka da yawa.

Ya ce, "Likita, da kunnena na ji kin ce babu kamarsa. Ni mijin shugaba ne, a ba ni na biyu? Sale nake so."

Na ce za mu duba. Ban san cewa ya riga ya biya ta Kagarawal a hanyarsa ta dawowa ba, ya zauna a shagon Malam Idi ya ba shi labari. Kafin sati ya zagayo, duk unguwar ta san ɗan tela ne zai yanka mijin Farfesa. Malam Idi ya ɗinka wa Babanku farar jallabiya ta kwanciya asibiti, mai maɓalli har ƙasa don kada a wahala wajen buɗewa. Har limamin masallacinsu ya sa abin a addu'a.

Na shiga dabaru. Na ba Sale hutun da bai nema ba, na ce wa Babanku ga shi Sale ba ya nan. Ya ce zai jira. Na ce ƙaba ba a jira da ita, tana iya shaƙewa a kwashe mutum ranga-ranga. Ya ce to a katse wa yaron hutu. Na ce ni zan tsaya a gefe in taya shi. Ya ce, "Ke da kika ce ba a yanka na gida? Ki zauna a waje ki ja carbi kamar kowace mata."

Nan dariya ta ƙare mini. Na zauna a mota a harabar asibiti na kasa fita. Na tambayi kaina, in ba zan ba shi cikin mijina ba, cikin mijin wa zan ba shi? Sale ya kusa gamawa. Ni zan sa hannu in ce ya iya, a tura shi wani asibitin ƙaramar hukuma inda babu mai cewa bari in ɗan taya ka. Za a kawo masa wanda hanjinsa ya fashe, matarsa tana waje tana jan nata carbin. Ita ba ta da Rifkatu da za ta zaɓa.

Wannan ita ce tambayar da nake so ka riƙa yi wa kanka kafin ka sa hannu a kan kowane yaro. In amsar ta sa ka gumi, kada ka sa.

Na kira Sale bayan la'asar. Na gaya wa sakatariya ko ɗan kunne ya zo da shi ta karɓe a waje. Ya shigo, sai na ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ya rame. Ya zauna a bakin kujera. Akwai kwalbar soyayyar gyaɗa a kan teburina, na tura ta gefe don in sami abin yi da hannuna.

Na ce, "Sale, ba kai za ka yi wa maigidana aiki ba."

Ya ce, "To, Mama."

"Ba ka tambaye ni dalili ba."

Ya sauke ido kan kwalbar gyaɗar.

Na ce, "Hannunka ba na tiyata ba ne. Kanka ya fi na kowa a sashen nan, har da ni, amma hannunka ba zai iya ba, kuma ba na jin ƙarin shekaru za su gyara shi. Na san haka tun shekararka ta farko."

Na jira kuka, ko fushi. Sai ya ɗago ya ce, "Mama, zan iya cin gyaɗar nan?"

Na miƙa masa. Ina zaune ina kallo ya cinye ta tas, har ya karkata kwalbar ya zazzage gishirin a tafin hannu. Ya ce tun ranar da Babansa ya kira shi da albishir ɗin ƙabar Babanku, abinci bai ƙara zama a cikinsa ba. Hutun da na ba shi ma a ɗaki ya yi shi, yana ɗinka matashin kai yana warwarewa, har matarsa ta kwashe sauran ta ɓoye a gidan maƙwabta.

Na ce, "Kai ma ka sani ke nan?"

Ya ce, "Mama, ni nake riƙe da wuƙar, ya za a yi ban sani ba? Duk ranar da za mu shiga tiyata, addu'ata ita ce a ɗauke wuta. Na sha zuwa in gaya miki ina so in koma sashen hoto, amma kafin in yi magana kin ce madalla. Sai in ce matar da ta karɓi amanata a hannun Baba, ta yarda da ni haka, da wane ido zan kalle ta? Ranar da na zo da maganar suna ma da wannan niyyar na zo, sai na ga ba a haɗa su rana ɗaya."

Ka gani, shekaru muna zaune ni da shi, kowa yana jin kunyar ɗan'uwansa, muna ta yanka mutane a tsakani. Na fara dariya, shi ma ya fara, har sakatariya ta leƙo. Da muka lafa ya goge ido, ya ce, ba da fushi ba, "Amma Mama, da kin faɗa tun shekarar farko, da yanzu na gama can."

Abokan karatunsa suna dab da zama manya, shi kuma zai koma ya fara daga ƙasa, a ƙarƙashin waɗanda ya girma. Shekarun nan ba zan iya mayar masa da su ba. Ina ganin tausayinsa nake ji, ashe kaina nake tausaya wa, don kada a ga baƙina. In ka ji kana jinkirta wata magana saboda tausayi, ka duba da kyau wa kake tausaya wa.

Abin da ya rage mini shi ne in gyara abin da zai gyaru. Washegari na je wajen shugaban sashen hoto da kaina. Ya ce ba gurbi. Na zauna a ofishinsa na ce ni ma ba ni da wurin zuwa. Na koma, na sake komawa, na bi shi har taron majalisar asibiti, har ya gaji ya nemo gurbin. In ka gaya wa yaro wannan ƙofar ba tasa ba ce, aikinka bai ƙare ba. Ka tashi ka raka shi wadda take tasa, ka ƙwanƙwasa masa.

Sai Malam Idi. Sale ya ce ba zai iya gaya masa ba, na ce ni na karɓi amana, ni zan je. Na same shi a shago yana kan keke. Na yi bayani a hankali, na ce Sale zai koma sashen hoto, inda baiwarsa take. Ya tsayar da ƙafa.

Ya ce, "Hoto?"

Na ce e.

"Duk karatun nan, ya ƙare a mai hoto? Ga ɗan Ladi nan a bakin kasuwa yana hoto, ko sakandare bai gama ba."

Na ce ba irin wannan ba ne, na cikin jiki ne, kuma likita ne cikakke, mu masu yanka ma sai ya gaya mana inda za mu yanka. Ya ce shi dai ya san mai ɗinki, ya san mai hoto. Ya ce, "A gabana kika ce babu kamarsa. Me zan gaya wa liman?" Ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko atamfata da ke jiran Sallah, ko yankawa bai yi ba, ya sa a leda ya ba ni.

Har yau bai huce duka ba. In mun haɗu a taro, gaisuwa ce daga nesa. Kuma yana da gaskiyarsa, ni na tsaya a ƙofar gidansa na ɗora shi a kan abin da babu. Tun daga lokacin wani tela nake kai wa, wanda bai taɓa yi mini hannun riga biyu tsayi ɗaya ba. Ka sa a ranka ba kowa ne zai gode maka ba, wani ma gaisuwarsa za ka rasa.

Na ƙarshe Babanku. Na same shi a tsakar gida bayan magariba, na zayyana masa komai. Sannan ya ce, "Wato da na kwanta, da yaron nan ya ƙulla ni ya kwance ya sake ƙullawa?" Na ce da wuya a gama kafin azahar. Ya shafa gemu. A lokacin rina shi yake yi da lalle.

Ya ce, "Likita, tunda yau ranar gaskiya ce. Rinin gemun nan da kullum kike cewa madalla fa?"

Na ce, "Malam, kamar an tsoma shi a manja."

Bai yi mini magana ba har washegari, amma ka lura tun daga shekarar gemunsa fari ne.

Rifkatu ce ta yi aikin. An kashe masa rabin jiki ne kawai, don haka idonsa biyu, nas-nas suka ce tun daga yankan farko har zaren ƙarshe farashin albasa yake mata bayani. Ni ina waje a kan benci da carbi, kamar yadda ya ce. Ya sa jallabiyar Malam Idi kuwa, ya ce ba ruwan riga da rigimarmu.

Bayan ya koma gida na kira Rifkatu, na ce ta zauna. Na gaya mata hannunta ya fi nawa a shekarunta. Na kuma gaya mata tana saurin rufe ciki kafin ta sake duba ko jini ya tsaya, kuma ba ta bari na ƙasa da ita su taɓa komai. Ta ciro biro tana rubutawa, fuskarta kamar an ba ta kujerar Makka. Ba ta tafi ba. Da na sauka daga shugabanci ita na miƙa wa, kuma ranar farko ta soke tsarin aikin da na shekara goma ina taƙama da shi. Na ji haushi sati guda, sannan na ga nata ya fi.

Sale kuwa ka san inda yake. Kai da kanka ka sha ɗaukar hoto ka haura bene ka kai masa, ka tsaya a layi. Ya yi ƙiba, ya yi tumbi, matasan kai na gidansu sun zauna lafiya.

Saura kai. Kwanakin baya na biya ta tiyata ina neman Rifkatu, na tsaya a bayan gilashi na kalle ka kana aiki, ba ka gan ni ba. Akwai ƙaramin likita a gabanka yana fama da ƙulli. Ba ka ce masa komai ba, sai ka yi tsaki, ka fizge zaren ka ƙulla da kanka. Na ga kafaɗunsa sun sauka, har aka gama bai ƙara miƙo hannu ba. Tsaki ba koyarwa ba ne, Bappa. Bai san abin da ya yi ba daidai ba, ya dai san ka raina shi. In mara lafiya ba ya cikin haɗari, ka haɗiye tsakin, ka sa hannunka a bayanka, ka gaya masa da baki inda yatsansa zai bi. Zai ɗauki lokaci, ƙafarka za ta yi ciwo. Haka aka yi maka, ko da ka manta.

Amma na kalli sauran aikin har ƙarshe, na manta da abin da ya kawo ni. Da ba ni na haife ka ba, da zan kwanta ka yi mini aiki ba tare da na tambayi wanda zai tsaya a gefenka ba. Ban taɓa faɗa maka ba, kuma kada ka tayar da maganar in mun haɗu.

Babanku yana gaishe ka. Ya ce in gaya maka buhun albasar da ke bayan mota kada ka ɗaga shi da kanka.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya zaunar da ku lafiya. Allah Ya sa albarka a hannunka da bakinka, Ya ba ka yara masu jin gyara, Ya ba ka ƙarfin yi musu shi a kan lokaci. Duk wanda ya kwanta a gabanka, Allah Ya tashe shi ya koma wa iyalinsa. Ka riƙe salla, ka riƙa cin abinci kafin ka shiga tiyata, ka kira in kun sauka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Dada